Mako takwas, ɗalibai 12, kyamara biyu: ta ina za a fara koyar da ɗaukar hoto?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Akwai ajin matasa 12, maza 7 mata 5, da za a koya wa ɗaukar hoto cikin mako takwas, zama biyu a mako, awa biyu-biyu. Kayan da ke ƙasa su ne Canon 600D ɗaya, Nikon D3200 ɗaya, kowacce da gilashin gaba (lens) na 18-55mm da ta zo da shi, filashi ɗaya, sai wayoyin ɗaliban. Yawancinsu hoton biki da na kayan sayarwa suke hange. Tambayata biyu ce: da me ake farawa, kuma wane irin hoto ya kamata ya riga wane?

Baba Ɗanlami:
Wa'alaikumus salam. Malama, makon farko ki bar kyamarorin a jaka. Abin da sabo bai iya ba shi ne ganin haske, maɓallai kuwa ko yaro ya iya dannawa. Ki zaunar da ɗalibi ɗaya a kujera kusa da taga, a kashe ƙwan ɗaki, sauran su ɗauke shi da waya sau huɗu: yana fuskantar taga, taga tana gefensa, taga tana bayansa, sannan taga tana gefe an riƙe farin kwali a ɗaya gefen kamar kamu biyu daga kuncinsa. A jera hotunan nan huɗu a tambaye su ina inuwar hanci ta faɗi, kuma a wanne ido ya yi ƙyalli. A zama na biyu a fita tsakar gida da mutumin nan, a ɗauke shi da tsakar rana a fili, a sake ɗauka a bakin zaure inda inuwa ta fara, a kuma ɗauka bayan la'asar sakaliya. Da idonsu za su ga yadda ranar tsaka ke mayar da ramin ido baƙi ƙirin, hula ta yanka goshi da inuwa, bakin zaure kuwa ya ba da fuska sumul. Wanda ya gane wannan ya wuce rabin masu yawo da kyamara a wuraren biki.

Sadiq Zariya:
Baba ya yi gaskiya, kuma hakan ya warware matsalar kyamara biyu. Haske da tsara hoto duk waya ta isa. Abu ɗaya ne waya ba za ta koyar ba, wato ƙofar gilashi, ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, don a mafi yawan wayoyi ba ta buɗewa ba ta tsukewa. ISO kuwa, wato ƙarfin jin hasken kyamara, da gudun shota, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga, akwai su a sashen Pro na kyamarar wayoyin Android da dama. To a raba ajin gida huɗu, mutum uku-uku. Gida biyu na kan kyamara, biyu na kan waya, bayan minti 25 a yi musaya. A kowane gida ɗaya na ɗauka, ɗaya na zama a ɗauke shi, na ukun na riƙe da kwali yana kuma rubuta lambobin da aka sa. Mai rubutun nan sau da yawa shi ke riga sauran ganewa.

Malama Hadiza:
Na gode. To idan an zo kan kyamara, a M za a fara, inda mai ɗauka ke saita komai da hannunsa, ko a bar su a Auto su saba tukuna?

Baba Ɗanlami:
M, tun ranar farko. Wanda ya ɗanɗani Auto ba ya son barinsa. Kuma abin ba wuya gare shi ba in an ba su lamba ɗaya ta tsayawa a kai. Rana tsaka, gari tangaran, ISO 100: ƙofa f/16, shota 1/125 na daƙiƙa. Daga nan duk matakin da ka buɗe ƙofa sai ka ninka gudun shota: f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000. Haske ɗaya duk za su ba ka, abin da ke canzawa shi ne kamannin hoton. Kamar cika bokiti ne a famfo, ko ka buɗe shi sosai ka rufe da wuri, ko ka bar shi yana tsiyaya ka daɗe, bokitin dai ɗaya ne. Su haddace jerin nan kamar karatun allo: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Kowace lamba ta gaba rabin hasken ta baya take shigarwa. Inda suke rikicewa shi ne lamba babba ƙofa ƙarama, sai an nanata.

Sadiq Zariya:
A nan kam Baba zan ɗan saɓa, tare da girmamawa. Mutum 12 kan kyamara biyu, kowa minti nawa zai samu a zama? Bai fi goma ba. In ka ɗora masa abu uku lokaci guda, minti goman nan a murɗa maɓalli za su ƙare, ya tashi da baƙin hoto ɗaya da wanda ya ƙone fari fat ɗaya, bai san dalilin ko ɗaya ba. Gara a ware su. Zama ɗaya a Av, wanda Nikon ta rubuta A, inda kyamara ke zaɓar shota da kanta, ISO a kafe, ɗalibi na canza ƙofa kaɗai: a jera kwalabe biyar a tebur, tazarar taku ɗaya tsakaninsu, a sa fokas a ta biyu, a ɗauka a f/5.6 da f/11 da f/22 da zum a 55mm. Zama na gaba a Tv, ko S a Nikon, inda kyamara ke zaɓar ƙofa da kanta, ɗalibi na canza shota kaɗai: yaro na tsallen igiya ko ana zuba ruwa daga buta, a 1/30 da 1/250 da 1/1000. Zama na uku ISO kaɗai, a cikin ɗaki, 100 da 800 da 3200, a buɗe hoton a kwamfuta su ga yashi-yashin da ke fitowa a wuraren duhu. Sai a mako na huɗu a haɗa su a M. Lokacin kowa ya san abin da kowane maɓalli ke saya masa da abin da yake ci masa.

Baba Ɗanlami:
Matuƙar za a kai M kafin a taɓa filashi, ba ni da ja. Filashi da Av a hannun sabo rigima ce, don a ɗakin taro mai duhu Canon za ta iya saukar da shota har ƙasa sosai tana neman hasken ɗakin, hoto ya fito da mutum biyu-biyu.

Anti Bilki:
Malama, abin da littattafan waje ba su cika tsayawa a kai ba, mu kuma kullum muna cikinsa: fata mai duhu cikin farar shadda. Na'urar awon haske ta cikin kyamara duk abin da ta gani so take ta mayar da shi toka-toka. Ango ya sha farar babbar riga ta cika hoto, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta koma ruwan toka, fuskar kuwa ta nutse. A Av sai a ƙara mata haske da mataki +2/3 zuwa +1. In akasin haka ne, mace cikin baƙar abaya a jikin bango mai duhu, kyamara za ta ƙara haske fiye da ƙima, sai a rage -2/3. Ki kunna musu gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙifta baƙi a allo. Ƙa'idar da za ki ba su ita ce a ƙara haske har rigar ta fara ƙiftawa kaɗan a kafaɗa, sai a koma baya mataki ɗaya cikin uku. Idan aikin zaren wuyan riga ya ɓace gaba ɗaya, babu gyaran kwamfutar da zai dawo da shi, musamman a JPEG, hoton da kyamara ta riga ta matse.

Kuma kada su yarda da hasken allon kyamara a rana. Allon na yaudara. Su koyi duba histogiram, zanen tudun nan da ke nuna yawan haske da duhun hoto, in tudun ya manne a bangon dama an ƙone, in ya taru a hagu an yi duhu.

Nura Mai Situdiyo:
Ƙari a kan maganar Anti. Goshi da hanci masu sheƙi ba laifin fata ba ne, laifin ƙaramin haske ne mai zafi. Filashi kai tsaye ɗan mitsitsi ne, shi ya sa yake barin farin tabo a goshi. Girman abin da ke ba da haske da kusancinsa su ke sa shi laushi. Laimar filashi mai faɗin mita ɗaya a tazarar mita ɗaya daga fuska ta fi laima ɗin nan a mita uku laushi nesa ba kusa ba. Sannan su san lissafin tazara: in ka ninka nisan fitila, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ke isa, ba rabi ba. Shi ya sa a hoton dangi mai sahu uku in fitila ta yi kusa, na gaba su ƙone na baya su yi duhu. Maganinsa a ja fitilar baya a ƙara mata ƙarfi. Tishu da hoda kuma su kasance cikin jakar kowane mai hoto.

Malama Hadiza:
Wannan ya amsa ta farko. Saura jerin nau'o'in. Su dai biki suke ɗoki.

Anti Bilki:
Biki shi ne na ƙarshe, ko sun ƙi ko sun so. A biki ake haɗa komai, ga duhu, ga motsi, ga taro, ga gaggawa, kuma ba a maimaita buɗar kai don mai hoto ya kuskure. A fara da abin da ba ya motsi, wato kayan sayarwa. Sai mutum ɗaya a zaune. Sai rukuni. Sai abin da ke gudu. Sannan filashi da biki a mako biyun ƙarshe.

Nura Mai Situdiyo:
Kayan sayarwa ma shi ne zai fara kawo musu kuɗi, don masu atamfa da turare da takalma a Instagram da WhatsApp kullum cikin neman hoto suke. Tebur kusa da taga wadda rana ba ta shigowa kai tsaye, farar takardar kwali babba a manna samanta a bango a bar ƙasanta ta lanƙwaso kan tebur, don kada layin kusurwa ya fito a baya. Kyamara kan mai ƙafa uku, in babu a ɗora kan littattafai. ISO 100, f/8 ko f/11, shota ta tafi duk inda ta ga dama tunda babu mai motsi, a sa jinkirin daƙiƙa 2 don girgizar yatsa ta lafa kafin ta ɗauka.

Inda ake faɗuwa shi ne launi. Mai saye ta ga atamfa shuɗiya a hoto, a kawo mata ta ga ta karkata zuwa kore, ciniki ya ɓaci, mai kanti ya dawo kan mai hoto. Dalili biyu ne yawanci: an haɗa hasken taga da ƙwan ɗaki, ko an bar daidaita fari, wato saitin da ke gaya wa kyamara wane launi ne fari, a Auto, launin atamfar ya ruɗa kyamara. A kashe ƙwai, a ɗauki farar takarda a wurin da kayan za su zauna, a gaya wa kyamara ta ɗauki wannan a matsayin fari. Duka kyamarorin biyu suna da wurin yin haka a menu. Shadda kuwa in haske ya zo mata ta gaba zanenta ɓacewa yake, sai an kawo shi ta gefe ƙasa-ƙasa ya shafi jikinta sannan zanen ya tashi. Kwalbar turare ta fi kyau in hasken yana bayanta ko gefenta, da baƙin kwali siriri a kowane gefe don bakin kwalbar ya fito. Kilishi da dambun nama su ma hasken gefe, in ba haka ba su fito kamar an shafe su.

Isuhu Maraɗi:
Sannunku da aiki. A hoton mutum ina ba da shawara a nuna musu aikin Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948. Yawancin hotunansa da hasken rana ya yi su a tsakar gida, da zane mai ado rataye a baya. Ɗalibi da ke ganin sai ya tara fitilu zai fara, in ya ga waɗannan jikinsa zai yi sanyi. Su lura da yadda yake ajiye hannuwan mutane, don hannu shi ne abin da sabo ke mantawa, sai mutum ya fito a sandare kamar an kama shi da laifi. Akwai kuma J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya, da ya fara ɗaukar kitson mata a 1968 ya tara kusan dubu, yawanci ta baya ko ta gefe a bango marar ado. Darasin da ke ciki shi ne ɗaukar abu ɗaya a nace masa. A ba kowane ɗalibi irin wannan aikin na tsawon kwas ɗin, wani ƙofofin gidajen unguwarsu, wata zanen lalle, wani hulunan masallacin Juma'a in masu su sun yarda.

Sadiq Zariya:
A zaman hoton mutum, su daina ɗauka a 18mm kusa da fuska. Hanci na kumbura, kunne na gudu baya. A zuƙo zuwa 55mm a ja da baya kamar mita biyu. Fokas a ɗigo ɗaya, a ɗora shi kan idon da ya fi kusa, kada a bar kyamara ta zaɓa da kanta don abin da ya fi kusa da ita take kamawa, ko hannu ko bakin mayafi. Shota kada ta sauka ƙasa da 1/100 in a hannu ake riƙe da kyamara. Gilashin na iya samun na'urar hana girgiza, amma girgizar hannunka take gyarawa, mutumin da ke gabanka in ya motsa ba ruwanta.

Kafin su danna, su zagaya da ido gefe huɗu na hoton. Falwaya da ta tsiro daga kan mutum, bokiti a kusurwa, rabin kan wani. Kada a yanke mutum a gwiwa ko wuyan hannu, kada a yanke hula, ɗaurin ɗankwali kuwa in ka datse shi ka ja wa kanka, an ɓata lokaci a kansa. Yaro a durƙusa a ɗauke shi daidai idonsa.

Malama Hadiza:
Akwai ɗan kuɗi da za a iya ƙara kaya ɗaya da shi. Ana ta cewa gilashin 50mm f/1.8. Ya dace?

Sadiq Zariya:
Ya dace, amma a kula wajen saye. Na Canon, 50mm f/1.8 STM, zai hau 600D lafiya lau. Na Nikon akwai tarko: D3200 ba ta da injin fokas a jikinta, don haka tsohon 50mm f/1.8D mai araha zai hau amma ba zai yi fokas da kansa ba. Sai mai AF-S, wanda ke da G a ƙarshen sunansa. Kuma a waɗannan kyamarori masu ƙaramin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, 50mm yana matse hoto kamar 75 zuwa 80mm, a ƙaramin ɗakin amarya bayanka zai bugi bango ba ka haɗa mutum uku ba. Don cikin ɗaki 35mm f/1.8G na Nikon ya fi amfani.

Baba Ɗanlami:
Ranar da gilashin nan ya iso kowa zai maƙale a f/1.8 don baya ya narke, sai ki tare su da lissafi. A 50mm, f/1.8, mutum na mita biyu, abin da ke fitowa tsaf bai wuce santimita 11 ba daga gaba zuwa baya. Ango da amarya in ɗaya ya ɗan fi ɗaya kusa, ɗayan ya tafi. Mutum biyu f/4. Rukuni mai sahu biyu ko uku f/8, a ja baya mita huɗu, fokas a sahun gaba ko na biyu. Sannan da tsakar rana f/1.8 ba zai yiwu ba ma, don waɗannan kyamarori a 1/4000 shotarsu ta tsaya, wanda a ISO 100 daidai f/2.8 yake. Ƙasa da haka hoto ya ƙone.

Ɗan Birni:
Na motsi fa kada a jira sallah. Filin ƙwallon unguwa da yamma ya isa a koya, ko Keke Napep a bakin titi. Fokas a AI Servo a Canon, AF-C a Nikon, wato fokas mai bin abin da ke motsi, a riƙe maɓalli rabi ana bin abin da ke gudu, a sa ɗauka a jere. Ɗan ƙwallo 1/500 zuwa 1/1000. Doki a guje, irin na jahi a Hawan Daushe, 1/1000 ko sama, kuma da yake da yamma ake yi haske na raguwa da sauri, sai a riƙa ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 maimakon a sauke shota. Hoto mai yashi ana sayensa, mai dishi-dishi ba mai so. In sun ƙware su gwada 1/60 suna juya ƙugu tare da dokin, mahayi ya fito tsaf baya ya ja zane. Goma za su ɓaci kafin ɗaya ya yi, haka abin yake ga kowa. 18-55mm ba zai kai ba a filin hawa, sai irin 55-250mm ko 70-300mm, ko na haya ne. Ba a haska wa doki filashi a fuska, ba a kuma canza gilashi cikin wannan ƙurar.

Anti Bilki:
Na biki kuma ga inda za su tsaya su fara: M, ISO 800, f/4 ko abin da gilashi ya bari, shota 1/100, kan filashi a ɗaga sama ya ɗan karkata baya, ƙarfi 1/8 zuwa 1/4 in silin fari ne kuma ba shi da tsawo. Hasken ya bugi silin ya sauko a baje. Abu ɗaya da in sun riƙe sun huta: shota hasken ɗaki take sarrafawa, ba ta taɓa hasken filashi. Baya ya yi baƙi kamar rami, a sauke shota zuwa 1/60 ko a ɗaga ISO. Fuska ta ƙone, a rage ƙarfin filashi. Kada shota ta wuce 1/200, in ta wuce da filashin da ba ya magana da kyamara sai baƙin layi ya rufe gefen hoto.

Rumfar tanti ja ko kore ba a buga filashi a jikinta, launinta zai zuba a fuskokin mutane. Nan sai a ɗaura farin kati a kan filashin ko a sa laima. Leshi mai duwatsu kuwa filashi kai tsaye na sa shi tartsatsi. Kuma kada su riƙa harbawa a cikakken ƙarfi a jere, filashin zai yi zafi ya tsaya, batir ya mutu ana tsakiyar liƙi. Batir masu caji saiti biyu aƙalla, takwas ke nan.

Isuhu Maraɗi:
A ƙara da maganar ƙwan lantarki. Wutarmu a Nijar da Najeriya 50Hz ce, ƙwan LED masu araha da dogayen fitilu suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. In aka ɗauka ba filashi a 1/250 ko sama, sai hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu ko launi ya sauya alhali ba a taɓa komai ba. A tsaya a 1/50 ko 1/100. A kan janareto abin kan ƙi daidaituwa don gudunsa na hawa da sauka, sai a gwada a duba.

Hajiya Mairo:
Malama, ki ba ɗalibanki mata biyar ɗin nan kulawa ta musamman, kasuwarsu daban ce. Kamu, sa lalle, cikin ɗakin amarya, walimar mata, gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga da kyamara. Amma da sana'ar ake koyar da amana. Ba a ɗaukar mace mayafinta ya zame, in an ɗauka bisa kuskure a goge a gabanta. Ba a sa hoton amarya a Instagram don talla sai ita da mijinta sun amince, a rubuce ko a saƙon waya da za a iya nunawa. Yara a titi, almajirai ne ko masu talla, ba kayan ado ba ne da za a ɗauka a watsa don a ce an iya hoto. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, filin jirgi, a rufe kyamara a wuce. Wannan zama guda ne cur, kada a maƙala shi a minti biyar na ƙarshe.

Nura Mai Situdiyo:
Hajiya ta taɓo wani abu, bari in ƙara da gyaran hoto. Za a ce musu "a ƙara min haske", ana nufin fata. Ƙara hasken hoto daban, sauya wa mutum launi daban. In an wanke fuska ta yi fari wuya da hannu na nan yadda suke, kowa ya gani ya san ƙarya ce, sunan mai hoton ne ke zubewa. A manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed abu biyar sun ishi sabo: daidaita fari, haske, rage wurin da ya yi ƙyalli, ɗaga inuwa kaɗan, miƙe hoton da ya karkace. Ƙurji a cire, tsagar gado da tabon sallah a bar wa mutum abinsa sai in shi ya nema.

Anti Bilki:
Malam Nura, a faɗa dai da sauƙi. Mai biyan kuɗi in ta nace sai an yi, ɗalibin da ke neman kwastoma na farko ba zai iya musu da ita ba. Abin da ya fi shi ne su iya haska fata tun wajen ɗauka, da babban haske mai laushi kusa da fuska da farin kwali a ƙasan haɓa. Yawancin masu cewa a ƙara musu haske hoton da aka ɗauke su a duhu suke ƙi, ba launinsu ba.

Baba Ɗanlami:
Kada a raina fasfo, shi ke biyan kuɗin hayar shago ranar da babu biki. Farin bango, mutum ya matso mita ɗaya daga bangon don inuwarsa ta faɗi ƙasa, zum a 55mm, kyamara daidai ido. Girman da aka fi nema 35 da 45 na milimita, takwas ke shiga takardar 4x6 ɗaya. Na bizar Amurka inci 2 da 2 ne, kuma tun 2016 ba sa karɓa da tabarau. Kullum a tambayi mai shi inda zai kai, don kowace hukuma da ƙa'idarta. Wanki kuwa, 4x6 na bukatar 1200 da 1800 na ɗigon hoto. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, in za a kai wanki a tura shi a matsayin fayil.

Sadiq Zariya:
Kyamara biyu a hannun mutum 12 sai an kafa doka. Igiya a wuya kafin a kunna. Ba a hura gilashi da baki, ba a goge shi da gefen riga, ƙurar hunturu yashi ce, karce take. A fara da robar hura iska, sannan ƙyallen tabarau. Za a canza gilashi, a cikin ɗaki, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. In baƙaƙen ɗigo sun fara fitowa wuri ɗaya a kowane hoto, a ɗauki sama ko farar takarda a f/22 a tabbatar, ƙura ce a kan sensa. A gwada robar iska, in ta ƙi a kai wa mai gyara, kada ɗalibi ya sa auduga. Da damina kuma fumfuna ke cin gilashi, a ajiye a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi.

Memori a yi masa fomat, wato a share shi tas, a cikin kyamarar da za a yi aiki da shi, bayan an kwafe hotuna wuri biyu. Kada a riƙa yawo da ɗaya tsakanin Canon da Nikon. 32GB biyu sun fi 64GB ɗaya, in ɗaya ya lalace rabi ya tsira. RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na 600D kusan 25MB ne kowanne, 32GB zai ɗauki sama da dubu.

Malama Hadiza:
Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage, duba aikinsu. Mutum 12 in kowa ya kawo hoto hamsin zaman ya ƙare a kallo.

Isuhu Maraɗi:
Uku kacal kowa zai kawo, zaɓen ma darasi ne. A haɗa su a kwamfuta ɗaya ba suna, a nuna a babban allo ko talabijin. Kowane hoto tambaya uku: daga ina haske ya zo, ina ido ya fara sauka, me za a cire. Bayan sun amsa a buɗe bayanan fayil ɗin, ƙofa da shota da ISO duk suna rubuce a ciki, a gani ko hasashensu ya yi daidai. Minti ɗaya ga kowane hoto, 36 ke nan, saura lokaci a fita a sake ɗaukar waɗanda suka ɓaci a wurin da aka ɗauke su in yana kusa.

Anti Bilki:
Kuma kafin ki sallame su ki haɗa musu bikin gwaji a ajin. Ɗaya ta zama amarya da leshi mai duwatsu, ɗaya ango da farar shadda, a rufe tagogi a kunna ƙwai, a ba kowane gida minti 15 da jerin hoto shida da dole su kawo: shigowa, su biyu a zaune, hannu da lalle kusa-kusa, rukunin mutum takwas, rawa, da wanda ba su san ana ɗauka ba. Ana tsaka da yi ki kashe wuta kamar an ɗauke, ki ga wa zai tuna ya ɗaga ISO ya nemi fitilar waya don fokas ya kama. Wanda ya kawo shida cikin shida a haɗa shi da mai hoton da ya daɗe ya bi shi a matsayin na biyu a biki uku ko huɗu kafin ya karɓi nasa.